Haske Bai Zama Linzamin Ƙwaƙwalwa Ba

Akwai wani gajeren bidiyo da ya fito daga Jami'ar Stanford ta Amurka wajen 2007, har yau kuma bai daina yawo ba. Ɓera ne a cikin akwati yana 'yan sunsune-sunsunensa, da wani siririn zare maƙale a tsakar kansa. Sai shuɗin haske ya kama. Nan take ɓeran ya zabura yana zagaye ta hagu, zagaye bayan zagaye. Da aka kashe hasken ya tsaya cak, ya koma sha'aninsa kamar ba shi ba. A 2011, a jami'ar Caltech, Dayu Lin da David Anderson suka kunna haske a wani lungu can cikin ƙwaƙwalwar ɓera, ya far wa safar hannu ta roba da aka hura wa iska yana cizo. A 2013 kuma ɗakin binciken Susumu Tonegawa a MIT ya sa ɓera ya sandare don tsoro a cikin akwatin da ba a taɓa cutar da shi a ciki ba.

Duk wanda ya ga waɗannan ya ce an gama da ƙwaƙwalwa, ban ga laifinsa ba. Maganar da ta zauna a zukatan mutane da yawa, har da masu zurfin boko, ita ce masana sun samo linzamin ƙwaƙwalwa, linzamin kuwa haske ne: a haska nan dabba ta tashi, a haska can ta kwanta, kuma abin da aka yi wa ɓera jiya shi za a yi wa biri yau, gobe a yi wa ɗan Adam. Masu wannan magana gida biyu ne. Akwai masu murna, galibi masu majinyaci a ɗaki, mai farfaɗiya ko mai cutar karkarwa ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, suna jiran ranar da za a haska masa fitila ya miƙe. Babu mai zargin mai jinya don ya sa rai. Akwai kuma masu fargaba, da ke ganin wata rana za a riƙa juya tunanin jama'a daga nesa ta hasken waya ko na talabijin. Su ma ba da ka suke magana ba. Wanda ya san abin da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ya bari a Kano yana da hujjar yin ɗari-ɗari da duk wani sabon abu da aka ce ya fito daga ɗakunan binciken ƙasashen waje. Sai dai gidajen biyu abu ɗaya suka ɗauka, cewa tsakanin ɓera da mutum babu komai sai girman jiki. Akwai dabbar da ke tsakaninsu, wato biri, an kuma shafe fiye da shekara 15 ana gwada wannan dabara a kanta, kuma abin da birai suka nuna ya sha bamban da abin da ke cikin bidiyon.

Sunan dabarar oftojenetik, asalinta kuwa daga ruwan kududdufi. Akwai wata koriyar gansakuka mai ƙwaya ɗaya tal, Chlamydomonas, da ke iyo ta nufi wajen haske. Peter Hegemann ya shafe shekaru yana neman abin da take gani da shi, har a 2002 da 2003 shi da Georg Nagel da Ernst Bamberg a Jamus suka nuna cewa wani furotin ne a fatar ƙwayar, wanda in haske ya taɓa shi sai ya buɗe, sinadarai masu cajin lantarki su kwarara ciki. A ƙwan kwaɗo suka fara tabbatar da haka. Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa kuwa da irin wannan kwarara suke aika saƙo. A 2005 Edward Boyden da Feng Zhang da Karl Deisseroth suka dasa ƙwayar gadon furotin ɗin a ƙwayoyin jijiya da aka raina a faranti, suka riƙa walƙa shuɗin haske, ƙwayoyin na harba saƙo daidai da kowace walƙiya. Ba a jima ba aka samo na kashewa, daga wata ƙanƙanuwar halitta da ke rayuwa a tafkunan kanwa na Masar, wanda rawayan haske ke sa shi ya rufe bakin ƙwayar jijiya.

To, a nan mai tsoron fitilar wayarsa ya kamata ya tsaya. Ƙwaƙwalwa a cikin duhu take zaune, kuma ƙwayoyinta ba sa karɓar umarni daga haske sai an dasa musu abin karɓa. Dasawar kuwa aikin fiɗa ce. Ana ɗora ƙwayar gadon a kan wani bairos da aka raunana, a huda ƙoƙon kai, a zura allura daidai wurin da ake so, a ɗiga 'yan ɗigo, sannan a jira makonni kafin ƙwayoyin su ƙera furotin ɗin. Bayan haka sai an kai hasken har ciki, ta zaren gilashi da ke haɗe da na'urar leza. Ɓeran da ke bidiyon nan duk an yi masa tanadin da ake buƙata, an kuma san ainihin inda aka sa zaren: a ɓangaren dama na yankin da ke sarrafa motsi, shi ya sa yake juyawa hagu.

Yanzu ga biri. A 2009 Xue Han, tana aiki tare da Boyden da Robert Desimone a MIT, ta fara nuna cewa dabarar na aiki a ƙwaƙwalwar biri nau'in makak. Ƙwayoyin jijiyar suka amsa haske wata da watanni. Abin da rahoton bai ƙunsa ba shi ne wani canji a abin da birin ke yi. A 2011 Ilka Diester, a Stanford ɗin nan dai inda ɓera ya yi zagaye, tare da Deisseroth da Krishna Shenoy, ta sa furotin ɗin a yankin da ke motsa hannun biri. Aka kunna haske, na'urar saurare ta nuna ƙwayoyin suna harbawa babu ƙaƙƙautawa, hannun birin ko gezau. Da aka aika ɗan lantarki a yankin, gaɓa ta motsa. Masana ɗaya, jami'a ɗaya, furotin ɗaya, amma abin da ya sa ɓera gudu bai ɗaga wa biri yatsa ba.

Sai a 2012 aka fara ganin tasiri a halin biri, daga ɗakunan bincike uku, kuma dukansu a motsin ido. Ƙungiyar Wim Vanduffel ta ga saurin da biri ke jefa idonsa ya canza, canjin da sai na'ura ke iya gani. Ƙungiyar Robert Wurtz a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ta danne wani yanki a can cikin ƙwaƙwalwa, idon ya riƙa yin ɗan jinkiri yana kuskure inda ya nufa da kaɗan. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne na Mehrdad Jazayeri da Gregory Horwitz a Seattle: suka haska yankin gani da ke ƙeya, birin ya jefa ido zuwa wani wuri a allo inda babu komai, wurin da ya yi daidai da ƙwayoyin da aka haska, alamar cewa ya ga wani ɗan tartsatsin da babu shi a zahiri.

Yana da kyau mutum ya san yadda ake samo irin wannan sakamako, don kalmar tasiri tana ɓoye wahala mai yawa. Birin yana zaune a kujera ta musamman, an kafe kansa don kada ya motsa, kyamara na bin ƙwayar idonsa, bakin wani bututu na gaban leɓensa. Watanni aka yi ana koya masa aikin: kalli wannan ɗigo a tsakiyar allo, in ya ɓace ka jefa ido ga wancan, in ka yi daidai ɗigon ruwan 'ya'yan itace ya faɗo maka a baki. A saman kansa akwai wani ɗan murfi da aka dasa a kan ramin da aka yi a ƙoƙon kai. Kowace safiya a buɗe, a wanke, a zura zaren gilashi mai kaurin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, haɗe da siririyar waya mai sauraron ƙwayoyin jijiya, a riƙa saukar da shi a hankali har a ji ƙarar ƙwayoyin na tashi a lasifika duk lokacin da aka walƙa haske. Daga nan birin ya maimaita aikinsa sau ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu a zama ɗaya, kwamfuta na kunna hasken a wasu zagayen ta bar wasu ba tare da tsari ba, don kada ya gane. In ya ƙoshi ya daina, aikin ranar ya ƙare, ko mai binciken ya so ko bai so ba. Bayan makonni a tara lissafi, a kwatanta zagayen da aka haska da waɗanda ba a haska ba. Sau da yawa mutumin da ke tsaye a ɗakin yana kallo ba zai iya cewa ga lokacin da aka kunna ba. Haka abin ya kasance a 2015, da Arash Afraz da James DiCarlo suka danne ƙwayoyin da ke gane fuska yayin da biri ke bambanta fuskar namiji da ta mace: kuskurensa ya ƙaru, tabbas, amma da ɗan abin da sai ƙididdiga ta fito da shi.

Dalili na farko girma ne, amma ba ta yadda ake zato ba. Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba, ƙwayoyin jijiyarta kusan miliyan 70. Ta makak tana kusan giram 90, wato ninki 200, da ƙwayoyi wajen biliyan 6. Ta mutum ta doshi kilo ɗaya da rabi, da ƙwayoyi biliyan 86. Haske kuwa bai san girman dabba ba. Naman ƙwaƙwalwa na tarwatsa shi, jini na shanye shuɗinsa, kafin ya yi milimita ɗaya daga bakin zaren mafi yawansa ya salwanta. A kan ɓera milimita ɗaya na iya rufe babban kaso na yanki guda. A kan biri yankin da ke yin wannan aikin ya bazu nesa, wani ɓangarensa ma ya nutse cikin lanƙwasar ƙwaƙwalwa, abin da ta ɓera ba ta da shi. In an haska ƙwayoyi kaɗan, sauran da ba a taɓa ba sai su ci gaba da aikin. Bairos ɗin ma haka: ɗigon da aka sa da allura milimita ɗaya ko biyu yake bazuwa. Da Leah Acker a ɗakin Desimone ta haɗa zare mai tsinin baki da wani furotin mai amsa jan haske, wanda ya fi shuɗi ratsa nama, ta iya rufe bakin ƙwayoyi a kusan milimita 10 na murabba'in ciki, an ɗauki wannan babban ci gaba a 2016, kuma ci gaba ne. Amma a lissafa: kusan kashi ɗaya ke nan cikin 9,000 na ƙwaƙwalwar birin.

Mai karatu zai ce a ƙara ƙarfin hasken mana. An gwada, kuma haske zafi ne. A 2019 ɗakin Anatol Kreitzer a San Francisco ya nuna cewa hasken da ake amfani da shi yau da kullum na iya ɗumama naman ƙwaƙwalwa har kusan digiri 2, kuma wannan ɗumi kaɗai na canza harbin ƙwayoyin da ba a dasa musu komai ba. Wanda ya ƙara wuta don ya kai nesa, zai dafa na kusa, kuma ba zai san ko abin da ya gani aikin furotin ne ko na zafi ba. Shi kansa zaren, shiga da fitarsa kullum na barin tabo a wurin da ake son nazari.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a ganina, kuma shi ne masu bidiyo ba sa faɗa. Ɓeran ɗakin bincike ba ɓeran rumbu ba ne. An shafe shekaru gommai ana ƙera zuriyoyinsa, har akwai ɗaruruwan iri da mai bincike zai yi oda a kawo masa, kowanne an riga an yi wa wani nau'in ƙwayoyin jijiyarsa alama tun daga haihuwa, ta yadda furotin ɗin haske zai zauna a cikinsu su kaɗai. Hakan ya yiwu ne saboda ɓera cikin mako uku take yi, ta haifi shida ko takwas, su kuma cikin wata biyu sun isa haihuwa. Makak cikin wata biyar da rabi take yi, ɗa ɗaya take haifa, shi kuma sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya balaga. An taɓa samar da birai da aka canza wa gado, a Oregon a 2000, sannan Erika Sasaki a Japan ta nuna a 2009 cewa ƙananan birai na marmoset na iya gadar wa 'ya'yansu canjin, amma babu wanda ke da rumbun zuriyoyin biri irin na ɓera. Mai aiki da biri bairos kaɗai ne abin hawansa, kuma wanda aka fi amfani da shi, AAV, ɗan ƙaramin kaya yake ɗauka, haruffan gado kusan 4,700. A cikin wannan ɗan wuri za a cusa furotin ɗin da kuma umarnin da zai ce masa ga irin ƙwayar da za ka zauna a ciki. Ga kuma garkuwar jikin birin, wadda kan iya tare bairos ɗin ko ta far wa ƙwayoyin da suka ƙera baƙon furotin. Mutum ma a wannan sahu yake, don babu wanda aka haifa da alama a ƙwayoyin jijiyarsa.

Akwai labarin da ya isa misali a nan. A 2016 ɗakin Viviana Gradinaru a Caltech ya ƙera wani bairos, PHP.B, wanda in an sa shi a jijiyar jini sai ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya bazu ko'ina, ba huda kai. Aka yi ta murna. Cikin shekara biyu aka gano ba ya yin haka a biri. Kai, ko a ɓeraye ma ba duk zuriya yake yi ba. A 2019 aka gano dalili: wani furotin yake kamawa a jijiyoyin jinin wasu ɓeraye ya haye, birai da mutane kuwa ba su da shi. Da an tsallake biri an tafi kai tsaye ga majinyaci, da an yi masa allurar da ba za ta kai inda aka aike ta ba. Daga baya an ƙera wasu da ke ƙetarawa a birai, kuma a jikin birai aka tantance su.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne, in dai motsa jiki ake nema, tsohon lantarki ya fi haske ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun 1870 Gustav Fritsch da Eduard Hitzig a Balin suka motsa ƙafar kare da shi, David Ferrier ya bi da birai a Ingila 'yan shekaru bayan haka. A shekarun 1960 José Delgado ya tsaya gaban bijimi a Sifen ya danna maɓallin rediyo, bijimin ya fasa tunkararsa, jaridu suka ce an mallaki zuciya, masu suka kuma suka ce juya shi kawai aka yi gefe guda. Tun 1987, daga aikin Alim-Louis Benabid a Grenoble ta Faransa, ake dasa wa masu karkarwa wayar lantarki a can cikin ƙwaƙwalwa, kuma mutum fiye da 100,000 sun amfana. Ƙarfin lantarki daga rashin zaɓensa yake: duk abin da ke kusa da bakin wayar yake tayarwa, har da jijiyoyin da wucewa kawai suke yi zuwa wani wuri. Shi ya sa yake motsa hannu, shi ya sa kuma ba ya gaya maka wace ƙwaya ce ta motsa shi. Abin da Francis Crick ya roƙa tun 1979 shi ne hanyar da za a taɓa nau'in ƙwaya ɗaya a bar sauran, don a san aikin kowace. Tambaya ake yi wa ƙwaƙwalwa da haske, kuma a wannan fage ya biya kuɗinsa. Da shi Horwitz da Yasmine El-Shamayleh suka ware nau'in ƙwaya guda a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya a 2017 suka ga rawar da take takawa a daidaita motsin ido. Da shi masana a Japan suka haska hanya ɗaya tak tsakanin yankuna biyu a 2015, abin da lantarki ba zai taɓa iyawa ba.

Ba zan ɓoye hujjojin da suka fi ƙarfi a hannun wanda bai yarda da ni ba. A 2016, a ɗakin Wolfram Schultz a Kambirij, William Stauffer ya sa furotin ɗin a ƙwayoyin dofamin na biri, waɗanda ke tashi idan an sami lada. Aka ba biri zaɓin hotuna biyu, kowanne da ɗigon ruwa iri ɗaya, amma ɗaya ana haɗa shi da haske. Birin ya koyi fifita mai hasken. Wannan taɓa so ne, ba taɓa tsoka ba, kuma duk mai hankali zai tsaya ya yi tunani a kansa. A 2020 ƙungiyar Atsushi Nambu a Okazaki ta Japan ta motsa hannun makak da haske, bayan gyara bairos da na'urar haskawa, shekara tara bayan abin ya gagara a Stanford. A ɓera kuma an sami furotin mai tsananin jin haske da ake iya tayarwa ta cikin ƙoƙon kai ba huda, har zurfin milimita 7. Duk gaskiya ne. Sai dai ƙoƙon kan ɓera siriri ne har haske na ratsa shi, na babban mutum kuwa shi kaɗai ya kai wajen milimita 6 ko 7, ban da fata da gashi, wato inda tafiyar ta ƙare a ɓera nan ta fara a mutum. Birin Schultz kuma an yi masa fiɗa, an sa masa bairos iri biyu, an horar da shi, yana zaune da zare a kai, sannan abin da aka karkata shi ne zaɓi tsakanin hotuna biyu a allo.

Akwai ma wani sakamako da nake ganin ya fi duk waɗannan magana. An ƙera wani ɗan faifai mai ƙananan fitilu 24 da ma'aunin zafi, wanda ake kwantarwa a kan ƙwaƙwalwar biri ya zauna dindindin, ba sai ana huda nama kullum ba. Ƙungiyar Afraz ta ɗora shi a yankin da ke gane siffofin abubuwa, ta koya wa birai su nuna ko sun ji an haska ko ba a haska ba, suna kallon hotuna daban-daban. Sai ya zamana ganewarsu ta dogara ga hoton da ke gabansu. Fitila ɗaya, wuri ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma a kan wani hoto birin ya lura, a kan wani ya kasa. Abin da hasken ya haifar ya rataya ne ga abin da ƙwaƙwalwar ke ciki a wannan lokaci.

Me ya sa jama'a ba sa jin wannan ɓangaren? Saboda gwajin da bai yi nasara ba ba kasafai ake buga shi ba, wanda aka buga kuma ba shi da bidiyo mai ɗaukar ido. Masanan da kansu sun gaji da haka. A 2020 Sébastien Tremblay da Michael Platt na Jami'ar Pennsylvania suka tattaro bayanan ɗakunan bincike 45 daga ƙasashe daban-daban, gwaje-gwajen allura fiye da 1,000, suka zuba a fili kowa ya gani. Fiye da rabinsu ba a taɓa wallafa su ba. Bayanan suka tabbatar da abin da ake faɗa a bayan fage: sa ƙwayoyin jijiya su amsa haske ya fi sauƙi, canza abin da birin ke yi ya fi wuya. Ni a wurina wannan aiki ya wuce gyaran lissafi. Kowane layi a jadawalin nan dabba ce mai rai da aka buɗe wa kai, mai gane fuskar mai kula da ita, wadda za ta shekara da shekaru a keji. Ɗakin bincike da ya ɓoye cewa bairos kaza bai yi aiki ba ya jawo wani ɗakin ya maimaita kuskuren a kan wani birin. Tarayyar Turai ta tsaurara dokar amfani da birai a 2010, Amurka ta daina tallafa wa gwaji a kan cimfanzi a 2015, kuma masu adawa da wannan bincike gaba ɗaya suna da maganar da ta cancanci saurare. Wanda ya ce dole a bi ta kan biri, kamar yadda labarin PHP.B ya nuna, shi ne ya fi kowa wajabcin ya ƙirga kowane biri ya kuma faɗi abin da ya same shi.

Ga masu jinya kuwa, akwai inda dabarar ta riga ta kai ga mutum, kuma wurin da ta fara ya bayyana komai. Ido ne. Haske da kansa yake shiga cikinsa ba sai an huda ƙashi ba, ƙaramin wuri ne da allura ɗaya ke iya wadatarwa, garkuwar jiki kuma ba ta cika tsananta masa ba. Tun 2006 Zhuo-Hua Pan a Detroit ya gwada a makafin ɓeraye, daga baya aka gwada a idon birai. A 2021 José-Alain Sahel da Botond Roska suka ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 58 a Faris, wanda wata cutar gado mai farawa da dundumi ta cinye ganinsa cikin shekara 40. Aka yi masa allura a ido ɗaya, aka ba shi tabarau mai kyamara da ke mayar da abin da ke gabansa zuwa walƙiyar haske ruwan goro. Bayan watanni na horo ya fara lura da fararen layukan tsallaka titi. A kan farin tebur ya iya gano littafin rubutu ya taɓa shi, ya ƙirga kofuna biyu ko uku. Ƙaramin kwalin ƙusar takarda ya fi ba shi wuya. Ba ya ganin launi, ba ya gane fuska, in ya cire tabarau kuma komai ya koma yadda yake. Ga wanda ya yi shekaru cikin duhu wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma likitocin da kansu farfaɗowar wani ɓangare na gani suka kira shi.

A ƙwaƙwalwar mutum kuwa, a 2024 masana a San Francisco suka karɓi naman da aka yanke wa masu farfaɗiya a fiɗar magani, suka yanyanka shi sirara, suka raina a faranti, suka sa masa bairos, suka kuma nuna cewa haske na iya kwantar da irin hargitsin lantarkin da ke kawo faɗuwa. Naman da ke faranti kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, babu ƙashi a kansa, babu jini mai kawo garkuwar jiki, kuma ba sai ya yi shekara talatin da baƙon furotin a cikinsa ba, kamar yadda yaro mai farfaɗiya zai yi in an dasa masa.